Sharhi: Idan Silon Tsohuwar Mota Ya Ƙi Sauka

Sharhinmu na yau na direbobi ne da makanikai, da duk wani magidanci da ke lallaɓa tsohuwar mota domin neman abinci ko kai yara makaranta. Za mu yi magana ne a kan silo, wato gudun da inji ke yi shi kaɗai idan mota na tsaye ba a taka totur ba. Me ke sa silo ya hau ya ƙi sauka? Kuma ta ina ya kamata a fara neman matsalar?

Da can mutane ba su cika damuwa da wannan ba, muddin mota tana tashi kuma tana tafiya. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, lissafi ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000 a wurare da dama. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, don haka tsofaffin ne ke ci gaba da ɗaukar nauyinmu: Golf da Vectra da ke jigila tsakanin garuruwa, Starlet da Carina, Honda Hala, har da Peugeot 504, Fijon da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, wadda har gobe ake ganinta da lodi a hanyoyin ƙauye.

Mu fara da sanin abin da ake kira daidai. Injin fetur mai lafiya, idan ya ɗauki zafi, yakan zauna tsakanin zagaye 700 zuwa 900 a minti ɗaya. A agogon da ke gaban direba, allura tana tsayawa ne ƙasa kaɗan da lamba 1. Da sassafe kuwa, musamman a lokacin hunturu, in ka ga ta kai 1,200 ko ma 1,500 kada hankalinka ya tashi. Haka aka tsara motar, domin fetur ba ya saurin ƙonewa a cikin inji mai sanyi. Cikin 'yan mintuna allurar za ta riƙa zamewa ƙasa da kanta. Haka kuma in ka kunna na'urar sanyaya mota, silo yakan ɗan ɗaga domin ya ɗauki nauyin da aka ƙara wa injin. Matsala ita ce ka yi tafiyar rabin sa'a, inji ya yi zafi, ka tsaya a danja, allura ta kafe a 1,500 ko sama da haka.

Asarar da ke ciki ba ƙarama ba ce. Inji mai girman lita 2 yakan sha wajen litar mai ɗaya a cikin sa'a guda yana tsaye a silo na ƙa'ida. In gudun ya ninka, ya kama hanyar ninka abin da yake sha, ga shi kuwa direban haya rabin wuninsa a cunkoso yake yi da jiran fasinja. Ban da mai, mota mai giyar hannu takan fara gurzar giya idan za a sa ta farko ko ribas. Mai canza giya da kanta kuma sai ka ji ta yi "gim" da zarar an sa ta, tana fizgar kanta gaba, direba na danne birki, takalman birki na cinyewa. A masu kafireta, wani lokaci ka murɗa makulli ka kashe, injin ya ci gaba da karkarwa na ɗan lokaci kafin ya mutu.

To, ga abin da aka saba yi. Direba ya shiga gareji ya ce, "Oga, silona ya yi yawa, a ɗan rage mini." Ogan ko tashi ba zai yi ba, sai ya ƙwala wa yaronsa kira: "Kai, ɗauko sukudireba ka sassauta masa." Yaro ya murɗa notin silo, ƙara ta ragu, a ba da na shan ruwa, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana biyu motar ta fara mutuwa da safe, ko ta mutu duk lokacin da aka taka birki a shataletale, a dawo a sake murɗa notin sama. Haka za a yi ta yi, yau sama gobe ƙasa. Abin da wannan sharhi yake son ya tsaya a zukatanmu shi ne: notin silo ba ya murɗa kansa. In shekara da shekaru motarka tana zaune lafiya a 800, rana ɗaya ta koma 1,500, wani abu ne ya canza a wani wuri. Shi za a nemo. Noti shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa.

Domin a gane inda za a nema, sai an san abin da ke riƙe da linzamin injin fetur. Da yawa suna zaton mai ne. A gaskiya iska ce. Inji yana buƙatar wajen kashi 14.7 na iska ga kowane kashi 1 na fetur, in aka auna da nauyi. Idan ka taka totur, wani ɗan faifan ƙarfe kake buɗewa a maƙogwaron kafireta ko a bakin injekta, iska ta shiga, mai ya biyo ta gwargwado. Ka ɗauka faifan nan ƙofar gida ce. In an rufe ta amma ka tarar da jama'a cike da tsakar gida, to ɗayan uku ne: ko ƙofar ba ta rufu sosai ba, ko katanga ta tsage, ko kuwa maigadi ne da kansa ya buɗe ƙaramar ƙofa ta gefe. Duk binciken silo a kan waɗannan uku yake tafiya.

Kafin a buɗe bonet, makaniki na ƙwarai tambaya yake fara yi. Yaushe abin ya fara? Bayan wane aiki? An wanke inji ne, ko an sauya batir, ko an taɓa lagireto, ko an kwance kan inji? Sau tari amsar tana nan. Wanda ya canza maka fulogi jiya yana iya ture wani siririn tiyo da gwiwar hannunsa bai sani ba. Sannan a tambaya: silon a kafe yake wuri ɗaya, ko hawa da sauka yake yi? Yana ƙaruwa idan an taka birki? Direban da ya zo da waɗannan amsoshi ya rage wa kansa rabin kuɗin aiki.

Sai a duba ƙofar. A fara daga ƙarƙashin ƙafar direba, domin tabarmar roba ko dardumar da aka shimfiɗa takan tattare ta danne totur. Ka sa yatsan ƙafa ka ɗago shi sama. In ƙara ta sauka, ka kusa gano ɓarawon. Daga nan a buɗe bonet a taɓa wayar totur. Dole ne ta kasance da ɗan sako-sako, milimita kaɗan, idan ba a taka ba. In ta yi tsam, ko ta tsattsage tana maƙalewa a cikin bututunta, ko sifirin ɗin da ke dawo da ita ya saki, faifan ba zai koma mazauninsa ba. Gwajin mai sauƙi ne: inji na aiki, ka sa hannu ka tura hannun faifan wajen rufewa. In silo ya faɗi nan take, matsalar tana nan. A kashe inji a cire babbar robar da ta taso daga matatar iska a leƙa ciki da tocila. Sau da yawa za ka ga wani baƙin zobe mai danƙo ya zagaye inda gefen faifan ke sauka, haɗin tururin baƙin mai ne da ƙurar hunturu, in ka shafa da yatsa sai ya fito baƙi ƙirin. Tsumma mai tsabta da maganin wanke kafireta sun isa su raba shi da wurin.

In ƙofa ta rufu ruf amma ƙara tana nan, sai a koma ga katanga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a tsohuwar mota bangon roba ne. Bayan faifan nan akwai zuƙa mai ƙarfi a cikin manifol, kuma daga jikinsa ƙananan tiyo-tiyo suke fita: wani zuwa distiributa, wani zuwa murfin kan inji domin kwashe tururi, babban cikinsu kuma zuwa baƙar gangar nan da ke bayan tukunyar man birki, wadda ke sa birki ya yi laushi. Robar da ta shekara ashirin ko talatin tsakanin zafin inji da zafin bazara takan bushe ta yi tauri. Daga sama za ka gan ta lafiya lau. Sai ka lanƙwasa ta a gwiwa, ko ka juyo cikinta da ke kallon ƙasa, sannan tsagar za ta buɗe baki. Wata kuma bakinta ne ya faɗaɗa, tana zaune a kan ƙarfen amma ba ta kama shi ba.

Hanyoyin kama wannan iskar sata ba su da tsada. Ka sami guntun tiyo mai tsawon kamu biyu, ka kara baki ɗaya a kunne, ka riƙa yawo da ɗayan a gefen manifol da gindin kafireta. Inda ake sata za ka ji "sssss" ƙarara. Ko ka riƙa matse tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda ka matse silo ya sauka, to shi ne, ko abin da yake kaiwa gare shi. In ana taka birki ƙara na canzawa, kuma birkin ya yi tauri, robar da ke cikin gangar birki ce ta huje, wannan kuwa ya wuce batun mai ya zama batun rai. Akwai masu yayyafa fetur a kan inji mai zafi su ji ko ƙara za ta canza. Don Allah a daina. Tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya tayar da gobara. Ruwa a cikin gorar feshi yana yin aikin: inda gasket ya mutu, da ruwan ya taɓa wurin za ka ji injin ya ɗan shaƙe. A kuma kula da fanka da bel, a naɗe hannun riga, masu babbar riga su tuɓe ta tukuna. Kada kuma a bar inji na aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙin salansa yana kisa.

A mota mai kafireta, iskar sata takan fara ne da sa inji rawa, saboda iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Sai wani ya buɗe notin mai domin ya rufe rawar, ya ƙara da notin silo. Rawa ta lafa, amma yanzu ga iska ga mai, inji ya samu abin da yake so ya hau sama, salansa ta yi baƙi, fulogi ya riƙa cikewa da kunkunniya. Shi ya sa idan an toshe ɓarakar dole a sake saita notin biyu daga farko.

Saura na uku, inda maigadi ke buɗewa da kansa, kuma a nan ne mu a wannan yanki muka fi cutar kanmu. Kowace mota tana da dabarar ɗaga silo idan inji na da sanyi. A tsofaffin kafireta cok ne, ko na ja da hannu ko mai sakin kansa idan ya ji zafi. In ya maƙale, motar za ta wuni tana silon asuba. Ka cire murfin matatar iska bayan inji ya yi zafi ka duba faifan sama: ya kamata ya tsaya a miƙe, a buɗe gaba ɗaya. A masu injekta kuwa, wani ɗan bawul ne a gefen bakin injekta yake ratsa da iska ta bayan faifan, kuma ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ce ke ba shi umarni. Shi ma datti yana kama shi a buɗe, kuma wanki yakan dawo da shi, ba lallai sai an sayi wani ba.

Amma sau da yawa bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, umarnin da aka ba shi yake bi. Ƙwaƙwalwar tana sanin zafin inji ne ta wata 'yar sensa da ke nutse a cikin ruwan inji. In sensar ta lalace, ko soket ɗinta ya yi tsatsa, sai ta riƙa kai rahoton cewa har yanzu da sanyi, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara iska ta ƙara mai. A lura, a motoci da yawa na wancan zamani sensa biyu ce: ɗaya ta allurar da direba ke gani, ɗaya ta ƙwaƙwalwa. Don haka allura tana iya nuna daidai alhali ɗayar tana shirga ƙarya. Mai gyaran waya zai iya auna ta da mita cikin minti biyar. A yawancin motocin Japan da na Turai, takan nuna tsakanin om 2,000 zuwa 3,000 idan zafin ruwa yana wajen digiri 20, ta sauko zuwa wajen 300 idan ya kai digiri 80. In inji ya yi zafi amma lambar ba ta sauko ba, an kama mai laifi.

Wani lokaci kuma sensar gaskiya take faɗa, injin ne da gaske bai yi zafi ba, saboda mun cire masa tamostat. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a garejojinmu. Da mota ta sauka daga Kwatano ko Legas, sai ka ji an ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, a nan ba ya da amfani." A cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. Alhali aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai digiri 80 da 'yan kai, sannan ya sake shi zuwa lagireto. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ko a Jamus yake ko a Maiduguri. In babu tamostat, da safiyar hunturu ko a doguwar hanya da dare, ruwan ba zai kai wannan zafi ba, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da ba da abincin sanyi, silo ya ƙi sauka, mai ya yi ta tafiya, wanda bai ƙone ba kuma ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. An gudu daga zafin inji an faɗa cin mai da cin ringi. In mota tana zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa da fanka, in tamostat ɗin ne ya mutu a sa wani.

Masu tsofaffin Honda na shekarun 1990 sun san wata cuta ta musamman: allura ta hau, ta faɗo, ta sake hawa, ba tsayawa. Dalili shi ne iska tana shiga fiye da kima, inji ya hau, ƙwaƙwalwa ta ga ba a taka totur ba sai ta yanke mai, ya faɗo, ta sake saki, ya sake hawa. A irin waɗannan motoci ruwan inji yana ratsawa ta jikin bawul ɗin silo domin ya ɗumama shi. In ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta maƙale a cikin hanyarsa bayan an yi aikin lagireto, ko wani ya toshe ƙananan tiyon ruwan saboda suna yoyo, bawul ɗin ba zai ji zafi ba balle ya rufe. Wani lokacin cika ruwa da fitar da iskar ne kawai maganin. A dai jira inji ya huce kafin a taɓa murfin lagireto.

In duk waɗannan sun fita lafiya, sai a duba taimin. A motoci masu distiributa, in aka murɗa ta wuta ta riƙa zuwa da wuri, silo yakan hau, kuma za ka ji inji na ƙyas-ƙyas idan an kama hawa da lodi. Saita taimin da kunne kirdado ne, akwai fitilar da aka yi domin wannan aiki. Akwai kuma sensar da ke jikin sandar faifan totur, mai gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ɗaga ƙafa; in an kwance ta ba a mayar daidai ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu ana takawa. Motocin da aka yi domin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Lambar P0507 tana nufin silo ya wuce ƙa'ida, P0171 kuma tana nufin iska ta rinjayi mai. Sai dai na'urar alama take nunawa, ba ta nuna wane tiyo ne ya tsage. Wannan aikin ido ne da hannu. Masu motocin da toturinsu na lantarki ne, marasa waya, su sani cewa bayan an wanke bakin injekta silo yakan hau, sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa sabon mazaunin faifan.

Idan mai sauraro ya lura, kusan duk abin da muka lissafa, daga tabarma zuwa tiyo zuwa wanki zuwa cika ruwa, ko dai kyauta ne ko kuɗinsa bai kai na 'yan litocin mai ba. Amma sai ka ga an tura mutum Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo kafireta sukutum, ko ƙwaƙwalwar mota 'yar Beljiyam, a ɗaura, ƙara tana nan yadda take, saboda tsagaggen tiyon yana nan inda yake. Canza kaya ba tare da gwaji ba caca ce da kuɗin mai mota.

Saboda haka kiranmu ga iyayen gidan gareji shi ne, yaron da aka kawo muku koyon sana'a a koya masa tambaya da saurare da aunawa kafin a miƙa masa sukudireba. Ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, tana da rassa a jihohi, kuma za ta iya tsayawa a kan wannan batu na cire tamostat har a daina shi. Mita da fitilar taimin ba su fi ƙarfin gareji ba, ko da karo-karo ne. Ku kuma direbobi da masu motoci, ku ba makaniki lokaci ya yi bincike, ku biya shi ladan binciken ko da abin da ya gano tiyon ɗari biyar ne, domin in kuka nuna sai an canza babban abu kuke ganin an yi aiki, to babban abu za a riƙa canza muku. In kuma aka ce za a cire wani abu daga jikin motarka a jefar, ka tambaya: mene ne aikinsa, kuma wa zai yi aikin bayan an cire shi?

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a cikin sana'a.